Ƙyauren Ƙofar Kabuga Ba Ya Magana

Duk wanda ya shiga birnin Kano ya nufi Ƙofar Kudu, zai ga wani tsohon gini na ƙasa daura da fadar Sarki, mai kaurin bango, mai zankwaye. Shi ne Gidan Makama. An gina shi tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499, an kuwa ce a cikinsa ya zauna kafin ya gina gidan sarauta da ke amsa sunansa har yau. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun yi zama a ciki na ɗan lokaci. Yanzu wani sashe nasa ya zama gidan tarihi a hannun hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya, ana kai 'yan makaranta da baƙi su yi kallo.

Akwai abin kallo kuwa. Akwai sulke da lifidi, da masu da takubba, da kayan kiɗan fada, da kayan ɗakin amarya irin na da, da hotunan sarakuna. Akwai kuma tsohon ƙyauren Ƙofar Kabuga, watau ƙofar da rundunar Kanar Morland ta shigo ta cikinta ran 3 ga watan Fabrairu, 1903, sa'ad da Sarki Alu ya ke wajen Sakkwato. Mutum ya tsaya gaban ƙyauren nan sai jikinsa ya yi sanyi. Amma in ya tambaye shi wa ya ƙera shi, wa ya ke rufe shi da almuru, ina matan unguwar suka ɓoye 'ya'yansu da suka ji ƙarar igwa, me aka ci a birni daren nan, ƙyaure ba zai ce uffan ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji. To, a gidan tarihi maganar nan ba ta cika ba, gama abin da a ke gani a can gawa ce, jin labarinsa shi ne ransa. Mutanen da suka ga ranar nan da idonsu sun rayu cikin birnin nan shekaru masu yawa bayanta, suna zaune a zaurukansu ana wuce su, har suka ƙare ɗaya ɗaya, kaɗan ƙwarai daga cikinsu aka tsuguna aka rubuta abin da suka ce.

Abin da a ke nema a nan shi ne a ware zaure guda a Gidan Makama, ko a Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa, inda aikinsa kawai shi ne sauraron mutanen gari, da ɗaukar maganarsu, da ajiye ta, da maimaita ta ga na baya. Ba wani babban abu ba ne a faɗa, amma rashinsa yana cin Kano fiye da yadda ruwan sama ke cin ganuwa.

Maganar ganuwa kuwa, kowa ya san halin da ta ke ciki. Sarki Gijimasu ya fara ta wajen shekara ɗari tara da suka wuce, sarakunan bayansa suka ƙarasa suka faɗaɗa. Yau wani wuri ta zama tudu, wani wuri an ɗebe ƙasarta an yi tubali, wani wuri an yanka ta filoti an kafa kantuna. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don a faɗaɗa titi, aka gina sabuwa a madadinta. Mutane sun yi kuka, jaridu sun yi rubutu, kukan kuwa yana kan hanya. Sai dai abin mamaki, kullum rana ta Allah ana fita da makara daga Yakasai ko Ƙoƙi ko Madabo a nufi Dandolo, a cikinta akwai tsohon da ya san yadda aka yi unguwarsu ta sami sunanta, ya san gidan da kowace zuriya ta fito, ya san waƙar da masu jima ke yi in suna aiki, ba wanda ya taɓa rubuta wa jarida cewa yau wani ɓangare na Kano ya zube. Ƙofar da aka rushe ana iya sāke ta da siminti ko da ba ta yi kama da ta da ba. Tsoho in an mai da ƙasa a kansa, duk magina na duniya ba su iya kome.

Waɗansu masu ilmi za su ce, ai tarihin Kano an riga an rubuta shi, me kuma a ke nema a bakin marini da 'yar mai ƙosai? Gaskiya ne akwai littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci wajen ƙarshen ƙarni na 19, wani Bature mai suna Palmer ya juya shi da Ingilishi a 1908. Littafi ne mai daraja, ƙasashe kaɗan ne a Afirka su ke da irinsa. Ya faro daga Barbushe da Tsumburbura a kan Dala, ya kawo Bagauda, ya jero sarakuna 48 har zuwa Muhammadu Bello. Amma mai wannan magana ya manta da abu biyu. Na fari, malamin da ya rubuta shi bai ga Barbushe ba, bai ga Bagauda ba. Daga ina ya samo su in ba daga bakin tsofaffi da maroƙa da masu kiɗan fada ba? Ashe littafin da a ke tinƙaho da shi a kan labarin baka, shi kansa ɗan labarin baka ne. Na biyu, littafin sarakuna ne. Yana faɗin wanda ya hau, da wanda ya yaƙa, da shekarun da ya yi. Ya ce Gijimasu ya fara ganuwa, bai faɗi waɗanda suka kwaɓa ƙasa suka ɗauka a ka ba. Ya ce Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi, bai faɗi yadda fatake ke sauka wurin fatoma ba, ko yadda dillali ke sasanta Balarabe da Banufe alhali ba mai jin harshen wani. Sarki kuwa, kome girmansa, mutum ɗaya ne a gari.

Mai son ya san yawan abin da littafi ya bari, ya zaga cikin birni ya karanta sunayen unguwanni. Ga Tudun Nufawa, ga Zangon Barebari, ga Agadasawa, ga Ayagi inda Yarabawa suka sauka tun kafin zuwan Turawa, ga Dandalin Turawa inda Larabawan Tarabulus da Gadamas suka zauna, tun sa'ad da kalmar Bature ta ke nufin Balarabe. Ga Madabo ta malaman Wangarawa, ga Sharifai da a ke danganta ta da zuwan Shehu Magili zamanin Rumfa. Ga Soron Ɗinki, ga Dukawa. Kowane suna ƙofa ce, bayanta akwai ayari, akwai aure, akwai rigima da sulhu. Yaron da aka haifa yau a Agadasawa, a tambaye shi me ya haɗa unguwarsu da Agadas, sai ya yi dariya ya ce suna ne kawai. Ba laifinsa ba ne. Kakarsa ta sani, amma sa'ad da ta ke da baki ba a tambaye ta ba, yanzu kuwa da dare kowa fuskarsa tana kan waya, zauren da a ke hira ya zama shago.

Ko kuwa a je marinar Ƙofar Mata, wadda a ke cewa tun 1498 a ke rini a cikinta. Rijiyoyin suna nan, da yawansu sun bushe an bar su. Baƙo ya zo ya ɗauki hoto ya tafi. Amma sanin yadda a ke haɗa baba da toka da katsi, da yadda marini ke gane ruwa ya nuna ta wurin wari da kumfa, da kwana nawa a ke jira, da yadda a ke kai turkuɗi mabuga a buga shi har ya yi walƙiya, da dalilin da ya sa Buzaye ke ratsa hamada don su saye shi, wannan duk ba ya cikin rijiya, yana cikin kan mutane 'yan ƙalilan da gashinsu ya yi fari. In sun tafi, sai a tsare ramuka a sa musu shinge a rubuta allo, a ce an adana tarihi.

Wanda ke shakkar cewa maganar talaka tarihi ce, ya nemi labarin Baba mutuniyar Karo ta ƙasar Kano. Tsohuwa ce da ba ta yi boko ba, ba ta riƙe sarauta ba, an haife ta wajen 1877. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a Giwa da Zariya tana tambaya tana rubutawa. Baba ta faɗi yadda a ke zama a rinji, da yadda mahara ke kama mutane a je a fanso su, da aurarrakinta, da bori, da ƙawance, da yadda mata suka ji da zuwan Turawa. Ta rasu a 1951, littafin ya fito da Ingilishi a 1954, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya, gama abin da ke cikinsa babu shi a littafin wani sarki. Haka Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya tafi Salaga, ya zauna a Kete Karachi cikin ƙasar da a ke kira Ghana yanzu har ya rasu a 1934. Wani ma'aikacin Jamus, Mischlich, shi ya roƙe shi ya rubuta yadda Hausawa ke noma da sana'a da fatauci. Haka Alhaji Mahmudu Ƙoƙi, wanda ya ga shigowar Turawa yana yaro, ya yi aiki tare da Bargery wajen babban ƙamus na 1934. Neil Skinner ne ya ɗauki labarinsa, aka buga a 1977.

A lura da abin da ya haɗa ukun nan, abin kunya ne. Kowannensu sai da baƙo ya zo daga ƙetaren teku ya ce masa, faɗa mini. Baba tana da 'yan'uwa da maƙwabta, a cikinsu akwai malamai masu alƙalami da tawada, ba wanda ya ga maganarta ta isa a ɓata takarda. Wajen 1975 ma an yi wani aiki mai kyau, masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello suka zaga ƙasar Kano da rikoda suna ɗaukar tsofaffi a kan bauta da gandaye da fatauci. Kaset ɗin nan sun amfani masu rubuta littattafai, har akwai kwafinsu a wata jami'a a Kanada. Madalla da wanda ya adana. Amma jikan tsohon da aka ɗauka, wanda ke tura baro a Kantin Kwari, ta wace hanya zai ji muryar kakansa? Maganar mutanen Kano ta kamata ta sami ɗaki a cikin Kano, inda mai takalmin roba zai shiga ba tare da takardar jami'a ba.

An riga an yi hasarar da ba ta maiduwa. Waɗanda suka ga Yaƙin Basasa na 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa sun tafi. Waɗanda suka ga isowar jirgin ƙasa a 1911, da yunwar Kakalaba ta 1914, da saukar jirgin sama na fari a 1925, sun tafi. Amma akwai saura, su ne a ke yi wa gaggawa. Akwai leburorin da suka ɗora buhu a kan buhu suka tā da dalar gyaɗa, su ne suka san yadda a ke hawa da buhu a wuya ba a faɗo ba, da abin da a ke biyansu. Akwai waɗanda suka shiga NEPU bayan kafa ta a 1950, suka sha ɗauri da bulala, akwai kuma dogarai da 'yan doka da suka yi kamun, kowane ɓangare da nasa labari. Akwai alhazan da suka tafi Makka ta ƙasa, ta Barno da Chadi da Sudan, suka yi shekaru a hanya suna noman auduga don su sami guzuri, suka bar 'yan'uwa a can har yau. Akwai waɗanda suka ga tarzomar Mayu 1953, da kashe-kashen 1966, da faɗan Maitatsine a 'Yan Awaki cikin Disamba 1980. Wanda ke da shekara goma sha biyar a 1953 yau ya haura tamanin da biyar. Mai cewa a bari sai an sami kuɗi a kasafin baɗi, ya yi wannan lissafi tukuna.

Za a ce tsofaffi suna ƙari, suna mantuwa, kowa yana gyara kakansa. Haka ne. Amma wa ya ce takarda ba ta ƙarya? Duk wanda ya taɓa riƙe littafin haraji zamanin En'e ya san shanu nawa ke shiga daji ranar ƙidayar jangali, ya san samari nawa ke komawa yara a bakin mai unguwa, ya kuma san rahoton da a ke rubuta wa Di'o don ransa ya yi sanyi. Duk da haka ba a ƙone littattafan ba, ana karanta su da hankali. Alƙali ma ba ya korar shaidu don wani yana iya yin ƙarya, sai ya ji wannan ya ji wancan, ya gwama. In an ɗauki tsofaffi goma a kan abu guda, inda bakinsu ya haɗu an sami ƙashin magana, inda ya rabu kuwa an sami wani abin sani, watau yadda kowace unguwa ta ke kallon abin. Malaman Musulunci sun daɗe da koya wa duniya wannan aiki, su ne ba su karɓar magana sai sun tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji.

Za a ce kuma tonon asiri ne. Wannan ita ce magana mai nauyi, ba a yi mata gatse. A Kano akwai gidajen da asalinsu bayi ne, akwai gidajen da suka yi arziki da sayar da bayi, akwai waɗanda kakanninsu suka yi wa juna ɓarna a Basasa, yau jikokinsu suna auratayya. Ba wanda ke son a kunna rikoda a tsakar kasuwa a ce ga asalin wane. Amma maganin wannan ƙa'ida ce, shiru ba ya maganinsa. Kada a ɗauki kowa sai da yardarsa. Wanda ya ce a sakaya sunansa, a sakaya. Wanda ya ce kada a saki maganarsa sai bayan shekara talatin, a rufe ta a rubuta ranar buɗewa, a riƙe amana. In aka ce don gudun ɓacin rai sai a shafe bauta daga tarihin Kano, to an shafe mutanen da suka noma gandayen sarauta, suka riƙe manyan muƙamai a fada irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, an kuma bar yara da tarihin da ba ya iya bayyana musu garin da su ke gani.

Saura maganar kuɗi, ita ce mafi rauni. A watan Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, aka yi murna, ta kuwa cancanci murna. Amma a kwatanta abin da a ke kashewa wajen kayan doki guda na hawan Daushe da abin da zauren nan ke bukata: tabarma, da buta, da na'urar ɗaukar murya wadda yanzu tana cikin aljihun kowane ɗan acaɓa, da malamai biyu uku masu haƙurin sauraro, da kwamfuta ta ajiya. Rediyo yakan yi hira da dattawa, ana jin daɗi, amma abin da aka watsa a iska yau, gobe wa zai nemo shi? Abin da gidan tarihi ya fi rediyo da shi, shi ne yana nan a wuri guda, yana da maƙulli da rajista, an kuwa san wanda za a tambaya in abu ya ɓace.

Yadda za a yi aikin ba asiri ba ne. A bi unguwa unguwa, mai unguwa da limami su nuna dattawa. Wanda ke iya tafiya a kawo shi zaure ranar da aka sa, mutane su zauna su ji, yara su yi tambaya, gama zauren Hausa don magana aka gina shi. Wanda ba ya iya tafiya a bi shi gida. Mata su ɗauki mata, don namiji ba ya shiga cikin gida, ko ya shiga ma ba za a gaya masa abin da aka gaya wa Mary Smith ba, rabin tarihin gari kuwa yana bayan labule: saƙa, da kaɗi, da adashi, da ungozoma, da cinikin da a ke yi ta hannun 'yan talla. Kowace magana a rubuta sunan mai ita, da unguwarsa, da sana'arsa, da ranar da aka ɗauka. A juya ta a takarda da boko da ajami. A ajiye kwafi a wuri uku, don gobara ba ta sallama, Kasuwar Sabon Gari ta shaida haka a 2016. Sa'an nan a kai murya kusa da kaya: mai kallon masaƙa ya ji masaƙi, mai kallon sulke ya ji jikan mai sulke.

Akwai wani tarko da ya kamata a kauce masa tun da wuri, watau a ce zauren na 'yan asalin birni ne kaɗai. Wane ne ɗan asali? Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana attajirin da babu kamarsa a Afirka ta Yamma, a Bebeji aka haife shi, zuriyar Agalawa ne. Wangarawa baƙi ne, Sharifai baƙi ne, Bagauda kansa baƙo ne a wurin mutanen Dala. Saboda haka a ɗauki mutumin Fagge, a ɗauki Bayarabiyar da ta yi shekara sittin tana sayar da atamfa, a ɗauki Ibon da ya gudu a 1966 ya komo bayan yaƙi ya tarar maƙwabcinsa Bahaushe ya tsare masa gida, a ɗauki kuma wanda ya komo bai tarar da kome ba. A ɗauki almajirin da ya zo daga Damagaram da allo ya zama mai gida a Kurna. In aka bar su waje, abin da za a tara tarihin fada ne da wani suna.

Waɗanda suka fita ajin yaƙi da jahilci kuwa, kada su ce wannan aikin hukuma ne da 'yan jami'a. Sun fi kowa dacewa da shi, gama su ne ke kwana gida ɗaya da tsofaffin, su ne tsoho ba ya jin nauyin yi musu magana da Hausar da ya saba. Mutum ya sayi littafin rubutu na ɗari biyu ko uku, ya zauna gaban kakarsa bayan sallar isha'i, ya rubuta kwanan wata a sama, ya tambaye ta sunan uwarta da na kakarta, da garin da suka fito, da abin da aka kai na sadakinta, da yadda a ke ɗebo ruwa kafin famfo ya zo zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da shekarar da ta fi wuya a rayuwarta. Kada ya gyara mata magana, kada ya mai da ita Hausar rediyo. In ta yi shiru ya jira, in ta yi kuka ya ajiye alƙalami sai gobe. Littafi ya cika, ya sa shi a leda saboda gara, ya sayi wani, ya tafi wurin tsohon da ke gida na gaba.